Waƙa a Bakin Mai Ita: Matsayin Maganar Mai Zane a Nazarin Zanensa, Daga Misalin Ibrahim El-Salahi

Tun daga shekarar 1946, lokacin da W. K. Wimsatt da Monroe Beardsley suka fitar da maƙalarsu a kan abin da suka kira kuskuren dogaro da niyyar mawallafi, wani ra'ayi ya kafu a fagen tarke, wato ilimin auna ayyukan fasaha da bayyana darajarsu, cewa duk abin da mai fasaha ya faɗa game da aikinsa ba ya zama hujja a kan aikin. A kan waƙa aka fara gina wannan ra'ayi, sai Beardsley ya shimfiɗa shi a kan zane da sassaƙa a littafinsa na 1958, daga baya kuma Roland Barthes ya kai shi maƙura a 1967 da shelar mutuwar mawallafi. Mabiya wannan mazhaba sukan hana ɗalibi ya kafa hujja da hirar da aka yi da mai zane, ko wasiƙarsa, ko ɗan bayanin da ya rubuta a littafin baje koli, a kan cewa ido ya ishi mai kallo, gani kuma ya kori ji. Wannan maƙala tana ganin an wuce gona da iri a wannan hani, kuma za ta gwada hakan da mai zanen nan na Sudan, Ibrahim El-Salahi, wanda ya daɗe yana bayyana inda ilhamarsa take fitowa da yadda hannunsa yake aiki, ta yadda akwai maganganunsa masu yawa da za a iya jerawa kusa da zane-zanensa, a ga inda suka dace da inda suka rabu.

Adalci ne a fara kawo hujjar Beardsley da cikakken ƙarfinta, domin masu sukarta sukan rage mata tsawo kafin su kayar da ita. Ya raba shaida gida biyu, akwai ta ciki, wadda mai kallo yake samu a jikin aikin, kamar layi da launi da yadda aka tsara siffofi, akwai kuma ta waje, wadda ake tsinta a wasiƙu da hirarraki da tarihin rayuwa. Idan mai zane ya cim ma abin da ya nufa, to abin yana nan a kan ƙyallen, babu dalilin zuwa a tambaye shi. Idan kuwa bai cim ma ba, to maganarsa labari ce ta wani zane da bai zo duniya ba, kuma ba shi aka kawo gaban alƙali ba. Ya buga misali da masassaƙin da ya murɗa katako ya goge shi ya kafa shi a karkace, sannan ya ce alama ce ta makomar ɗan Adam, ya nuna cewa faɗarsa ba ta cusa wannan ma'ana a cikin katakon. Wanda ya tashi da sanin cewa niyya ce ma'aunin aiki zai iya jin wannan zance baƙo, amma niyyar da malamai suke magana a kanta ma'aunin lada ce a wurin Allah, wanda Shi kaɗai ya san abin da ke zuciya. A kasuwa kuwa babu mai sayen tulu mai yoyo don maginiya ta yi niyyar ya riƙe ruwa. Har zuwa nan babu abin da za a ɗauke wa Beardsley.

Inda hujjar ta fara rauni shi ne ɗaukar da ta yi cewa maganar mai zane iri ɗaya ce, wato shelar ma'ana irin ta wancan masassaƙi. Duk wanda ya karanta abin da masu zane suke faɗa da yawa zai ga cewa shelar ma'ana ƙaramin kaso ce a ciki, galibin zancensu yana tafiya ne a kan matsalar da suka tarar, da mutanen da suke son su gani, da kayan da hannu ya samu, da abin da aka fara sawa a takarda kafin wani. Michael Baxandall, a littafinsa na 1985 kan yadda ake bayanin zane ta fuskar tarihi, ya ba da hanyar da ta fi dacewa da irin wannan magana, inda ya ɗauki mai zane a matsayin mutumin da ya fuskanci matsala a wani wuri da wani lokaci, zanen kuma amsarsa ce. Niyya a wurinsa alaƙa ce tsakanin aikin da yanayin da aka yi shi a ciki, kuma alaƙa abu ce da za a iya bincika, saɓanin abin da ya gitta a zuciyar mutum. Ya kuma gargaɗi manazarta a kan kalmar tasiri, domin tana mayar da wanda ya ɗauka kamar randar da aka zuba wa ruwa, alhali shi ne ya je ya zaɓa ya ɗebo ya sarrafa. Wannan gargaɗi ya shafi kalmar ilhama ma, wadda a Hausa take nufin abin da ake jefa wa mutum a zuciya ba da nemansa ba, domin za a ga cewa abin da El-Salahi yake ba da labarinsa nema ne da ƙafa da ido.

Tarihinsa sananne ne, don haka a taƙaice za a kawo shi. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, irin wadda 'yan Sudan suke kira khalwa. Ya koyi zane a Khartum, sannan ya yi karatu a makarantar Slade da ke Landan daga 1954 zuwa 1957, ya komo ya tarar ƙasarsa ta sami 'yanci tun farkon 1956, ya kama koyarwa a kwalejin fasaha ta Khartum. Ana lissafa shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq a matsayin ginshiƙan abin da ake kira Makarantar Khartum. A 2013 gidan baje kolin Tate Modern na Landan ya nuna ayyukansa na tsawon rayuwa, a wani baje koli da Salah Hassan ya tsara.

Labarin da ya fi maimaitawa game da mafarin salonsa ya shafi dawowarsa daga Landan. Ya baje zane-zanen da ya koyo, na fuskokin mutane da shimfiɗar ƙasa da kayan da aka jera a kan tebur, duk a kan ƙa'idar Turai, mutane suka zo ranar buɗewa, daga nan ɗakin ya zama wayam. Ya ce wannan ya tsayar da shi cik na wani lokaci, har ya shiga zagaya gidaje da kasuwanni da ƙauyuka yana duba abin da mutanen da suka ƙi zuwa suke ratayewa a bangonsu da abin da suke ƙawata kayansu da shi, sai ya tarar da ƙawataccen rubutun Larabci da adon da ake yi wa tabarma da faifai da fata. Ya fara sa haruffa da kalmomi a zanensa domin mai kallo ya sami ƙofar shiga da ya sani. Daga baya ya daina barin harafin ya karantu, ya shiga karya shi yana duba ƙashinsa da sararin da ke tsakanin wannan harafi da wancan, kuma a cewarsa daga cikin wannan sarari ne fuskoki da dabbobi da tsirrai suka riƙa ɓullowa. Game da launi kuma ya ce ya koma wa launukan ƙasar Sudan ne, wato ja-ja irin na jan ƙasa da ruwan ƙasa da rawaya mai duhu da baƙi da fari.

Babu shelar ma'ana ko ɗaya a wannan bayani. Matsala ce aka ambata, da matakan da aka bi, da jerin launuka, kuma kowanne ana iya kai shi gaban zanen a tambaya. Zanensa na 1964 da ya sa wa suna Sautin Ƙarshe, wanda ya yi bayan rasuwar mahaifinsa, murabba'i ne mai launin ƙasa da toka, a tsakiyarsa akwai wata siffa da sauran abubuwa suke kewayawa, ga jinjirin wata, ga guntayen layuka masu lanƙwasa da kauri da siranta irin na alƙalami, waɗanda suke kama da rubutu amma ba su cika kalma ba. Kaurin layin da sirantarsa su ne abin lura, domin wannan ɗabi'ar alƙalamin kara ce da aka fiƙe bakinsa a karkace, wanda layinsa yake faɗi ko ya sirance gwargwadon inda ya dosa. Duk wanda ya taɓa riƙe allo a cinya, ya tsoma alƙalami a tawadar da aka haɗa da ƙaro, ya rubuta, ya biya, ya wanke, ya shanya, ya ga yadda inuwar tsohon rubutu take saura a jikin katakon a ƙarƙashin sabo, zai gane wannan fuska mai hawa-hawa tun kafin a gaya masa. Zai kuma tuna zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, wadda a Sudan ake kira sharafa, inda rubutu da ado suke zama a fili ɗaya ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba. El-Salahi ya ce sunan zanen yana nuni ne ga addu'o'in da ake karanta wa wanda ke gargarar mutuwa, kuma da wannan bayani haruffan da suka kasa cika kalma suna samun dalili, domin sauti ne da yake yankewa.

A nan ne ake ganin babbar ɓarakar da ke cikin rabon shaida zuwa ta ciki da ta waje. Wimsatt da Beardsley sun yarda cewa shaidar ciki ba ta karantuwa sai da ilimin harshe da ƙamus da al'adar da aikin ya fito daga ciki, har ma sun buɗe wata ƙofa ta uku ga ma'anonin da kalma take da su a wurin mawallafi da da'irarsa. Sun iya yin sassauci haka ne domin waƙoƙin da suke nazari da Ingilishi aka rubuta su, su da ɗalibansu kuma ƙamus ɗaya suke riƙe da shi. Wanda ya shiga Tate Modern a 2013 bai taɓa ganin allo ba, idonsa zai kai waɗannan layuka ga abin da ya sani, ya ce ga ɗalibin masu zanen Turai irin su Paul Klee ko Joan Miró, ya kuma ɗauka shaidar ciki ce ta gaya masa haka, alhali tarbiyyar idonsa ce ta yi magana. Abin da yake shaidar ciki ga almajirin Omdurman ko na Zariya shaidar waje ce ga wannan mai kallo, ke nan iyakar da ke tsakanin biyun tana gusawa gwargwadon wanda yake tsaye a gaban zanen. Idan haka ne, hana sauraron mai zane bai bar ido shi kaɗai da aikin ba, ya dai miƙa hukunci ga ƙamus ɗin wanda ya fi ƙarfin murya a fagen tarke, kuma a ƙarni na 20 an san ko wane ne wannan. Maganar El-Salahi a nan aikin ƙamus take yi, tana nuna wa ido abin da yake nan a kan ƙyallen tun farko.

Mabiyin Beardsley ba zai miƙa wuya a nan ba, kuma abin da zai mayar yana da nauyi. Zai ce labarin ɗakin da ya zama wayam an fi jin sa ne daga bakin dattijo, shekaru da dama bayan faruwarsa, a hirarrakin da aka yi da shi bayan ya shahara, kuma labarin da aka daɗe ana bayarwa yakan goge ya yi sumul kamar dutsen bakin rijiya, ya sami farko da tsakiya da ƙarshe waɗanda rayuwa ba ta cika bayarwa ba. Zai ƙara da cewa labarin ya sa mutum ɗaya a tsakiya, alhali komawa ga harafin Larabci guguwa ce da ta taso a ƙasashe da yawa a lokaci ɗaya, wadda ake kira hurufiyya, wato mayar da harafi kayan zane. Madiha Umar da Jamil Hamudi na Iraƙi sun riga shi shiga wannan fage, a Khartum ɗin ma Usman Waƙi'allah ya riga shi ɗaukar rubutu a matsayin fasahar zamani, Shibrain kuma yana gefensa yana irin wannan aiki. Sannan zai kawo batun masu saye da masu tallatawa, ya tuna cewa a 1961 El-Salahi ya zo Nijeriya ya baje ayyukansa a ƙungiyar Mbari ta Ibadan, inda mai tallata fasaha Ulli Beier yake da babbar murya, kuma gidan adana zane-zanen zamani na birnin New York ya mallaki zanensa na Masallaci tun a tsakiyar shekarun 1960. Tambayarsa ita ce, shin mai zanen ya komo ga allo ne domin mutanen Omdurman, ko domin duniyar fasaha ta lokacin tana neman ɗan Afirka mai salon da za a ce nasa ne na gado?

Kashi na farko na wannan suka daidai ne, kuma dole a karɓe shi. Babu wanda ya isa ya ɗauki labarin da mutum ya bayar game da ƙuruciyarsa a matsayin rahoton ganau ba tare da tantancewa ba, ko da kuwa mutumin mai gaskiya ne, domin tunawa da kanta tana tsara abin da ta ajiye. Sai dai maganin wannan matsala sananne ne a wurin masu nazarin tarihi, waɗanda ba su taɓa jefar da ruwayar baka don tana iya gogewa ba. Sukan tambayi yaushe aka faɗa, ga wa aka faɗa, me ya gaskata ta daga wani wuri. Idan aka bi wannan hanya, abin da ya tsaya da ƙafarsa a labarin shi ne sauyin da ake gani da ido tsakanin ayyukansa na Slade da na farkon shekarun 1960, da jerin matakan da ya ambata, daga harafi mai karantuwa zuwa karyayyen harafi zuwa siffa. Ko kayan aikin sun ba da shaida, domin babban zanensa kan sautukan mafarkin ƙuruciya, wanda ya yi tsakanin 1961 da 1965, a kan saƙin audugar Sudan da ake kira damuriyya ya yi shi. Abin da ba ya tsayuwa da shaidar zane shi ne cewa rana ɗaya da ɗaki ɗaya ne suka haifar da duk wannan.

Kashi na biyu da na uku kuwa, idan aka dube su da kyau, sun fi taimakon wannan maƙala fiye da mai sukar. Da ya kawo Waƙi'allah da Mbari da masu saye na Amurka, ai ya bar jikin zanen ya fita waje neman shaida, wato ya aikata abin da malaminsa ya hana, ya dai zaɓi ya saurari kowa ban da mai zanen. Kuma yawan waɗanda suka fuskanci matsalar yana tabbatar da cewa matsalar gaskiya ce. A daidai wannan lokaci, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, kuma a 1960, shekarar 'yancin Nijeriya, Okeke ya gabatar da manufar haɗa dabarun da aka koya a aji da fasahar gargajiya ta kowane ɗalibi. Abin lura game da Okeke shi ne maganarsa ta riga aikinsa, domin sai bayan ya bar Zariya ne zanen uli na matan Ibo ya zama ƙashin bayan layinsa, kamar yadda zane-zanensa na 1962 suka nuna. Maganar da ta riga aiki ba za a zarge ta da gogewar tunawa ba, alƙawari ce da za a iya dubawa ko an cika. Ba a musanta cewa kasuwar waje ta yi maraba da wannan salo, kuma mai yiwuwa ne marabar ta ƙarfafa shi, amma maraba da abu daban take da ƙirƙiro shi. Haka kuma sukar da ta fi zafi a kan Makarantar Khartum daga cikin gida ta fito, lokacin da Kamala Ishaq da ɗalibanta suka fitar da tasu manufar a shekarun 1970 suna ƙin a ɗaure mai zane da igiyar gado, kuma ba su iya yin wannan jayayya ba sai da suka ɗauki maganar magabatansu da muhimmanci.

Misalin da ya fi kowanne nuna amfanin sauraron mai zane ya fito ne daga gidan yari. A watan Satumba na 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, aka kama El-Salahi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulkin da aka yi wa shugaban Sudan Ja'afar Numeiri, aka tsare shi a kurkukun Kobar sama da wata shida ba tare da an kai shi kotu ba. Ya ce an hana fursunoni takarda da abin rubutu, don haka yakan yayyanka takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, ya yi zane a kai da guntun fensir, ya binne a cikin yashi idan mai gadi ya doso. Tun da takardar ba ta da faɗi, sai ya koyi fara zane daga ɗan ƙwaya guda a tsakiya, idan ta cika ya kawo wata ya jona a gefe, hoton ya riƙa girma kamar tsiro ba tare da ya san inda zai tsaya ba. Abin da manazarta suke da shi a hannu daga wannan zamani shi ne littafin zanen da ya yi a 1976 yana cikin ɗaurin talala bayan fitowarsa, saboda haka batun yashi da buhun siminti ya dogara ne da bakinsa. Amma hanyar aikin da ya bayyana tana nan a fili a babban zanensa na 1984 zuwa 1985 kan abin da ba makawa sai ya faru, wanda ya yi da baƙar tawada a kan falle tara da aka jera suka cika bango, jama'a sun yi cincirindo, hannuwa a dunƙule sun ɗaga sama. Mai kallon da bai ji bayanin ba zai iya ɗaukar layukan da suka raba fallayen a matsayin larurar ɗauka da ajiya kawai. Wanda ya ji zai koma ya duba kowane falle shi kaɗai, ya ga yana iya tsayuwa da kansa, ya ga yadda layi yake fita daga wannan ya shiga wancan, ya fahimci cewa tsarin aikin daga ciki ya bunƙaso zuwa waje. Numeiri ya faɗi a watan Afrilu na 1985 bayan boren jama'a, kuma ba a buƙatar a ce mai zanen ya yi duba kafin a yarda cewa wanda ya kwana a Kobar ya san abin da yake zanawa.

Sai dai akwai inda wannan hujja take taƙaita, kuma jerin zanensa na Bishiya, wanda ya duƙufa a kai bayan ya koma Oxford da zama a 1998, shi ne wurin. Ya ce bishiyar da yake nufi ita ce haraza da ke bakin kogin Nilu, wadda ba wata ba ce illa gawo, itacen da manomin ƙasar Hausa yake bari a tsakiyar gona domin yana kaɗe ganyensa da damina lokacin da kowane itace yake kore, ya bar wa gero rana, sannan ya yi ganye da rani lokacin da kowa ya bushe. 'Yan Sudan suna cewa faɗa ta yi da ruwan sama, shi kuma ya ɗauke ta a matsayin misalin mai tsayawa a kan halinsa ko da ya saɓa wa jama'a. Bayani ne mai daɗin ji, kuma ya fi daɗi a kunnen wanda ya san gawo. Amma da yawa daga zane-zanen layuka ne miƙaƙƙu da aka ja da tawada mai launi, ginshiƙi a tsaye da wasu layukan a gicciye, babu ƙaya, babu ganye, babu damina balle rani. Ido zai iya tabbatar da tsayuwar ginshiƙin da yadda siffar take tashi daga tushe zuwa sama, wanda ya yi daidai da hanyar tsiro da aka ambata, amma ba zai iya tabbatar da cewa wannan gawo ne ba tsamiya ba, balle ya ga taurin kai a cikinsa. A wannan gaɓa masassaƙin Beardsley ya dawo da ƙarfinsa, kuma abin da ya dace manazarci ya rubuta shi ne cewa gawo ne ya tayar da mai zanen zuwa aikin, bisa shaidarsa, ba tare da ya ce takardar ta faɗi haka ba.

Haka abin yake, har ma ya fi, game da abin da yake faɗa a kan ɓangaren ruhi na aikinsa, cewa yakan yi salla kafin ya fara, kuma yana ɗaukar kansa mashigi ne da abin yake biyowa ta ciki. Wannan ita ce ilhama a ma'anarta ta asali, kuma tarke ba shi da ma'aunin da zai gaskata ta ko ya ƙaryata ta. Abin da ya rage masa shi ne ya rubuta ta da mutunci a matsayin yadda mai aikin ya fahimci aikinsa, ya kuma lura cewa ta yi daidai da ɗabi'ar wanda yake fara zane bai san ƙarshensa ba. A shekarunsa na tsufa, da ciwon baya ya hana shi tsayuwa a gaban babban ƙyalle, ya koma zane a zaune a kan kwalayen magungunansa da ambulan, an kuma nuna wasu daga cikinsu a babban baje kolin Venis na 2022. Ya ce idan yana zanen yakan manta da ciwon, wannan kuwa shi kaɗai ya san shi. Abin da kowa zai iya gani shi ne kwalin da aka buɗe aka shimfiɗa, da karyewar ninkinsa da ta raba fili gida-gida, da yadda alƙalamin ya bi waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya ce ya koya a kan takardar siminti a Kobar shekara arba'in da wani abu kafin nan.